Yadda ake sa kankare ya yi laushi ba tare da an ƙara masa ruwa ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ranar zubin kankare ya san wannan kiran: "A ƙara ruwa, ya yi tauri!" Masu ɗauka sun gaji, kwaɓi ya ƙi shiga tsakanin rodi, sai wani ya jawo tiyo ya saki ruwa cikin injin. Nan take aiki ya yi sauƙi, kowa ya samu sa'ida. Ba na ganin laifin lebura, domin shi ne ke jin nauyin shebur. Amma ruwan nan da aka ƙara bashi ne aka ci, kuma ginin ne zai biya.

Tun a 1918 wani masani ɗan Amurka, Duff Abrams, ya nuna cewa ƙarfin kankare ya dogara ne kan yawan ruwa idan aka auna shi da nauyin siminti. Ruwan da siminti ke haɗuwa da shi ya zama dutse bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ba, kuma idan ruwan ya kai wajen kashi 40 cikin ɗari ya ishe shi ya gama aikinsa. Abin da ya haura wannan, don sauƙin aiki kawai ake zuba shi. Daga baya ya bushe ya bar ƙananan kafofi a jikin kankaren, ta nan danshi da gishiri suke bi su iske rodi, tsatsa ta fara ci. Sinadaran da za mu yi magana a kansu an ƙirƙiro su ne don su ba ka laushin da kake nema a wurin ruwa, ba tare da ka ci wancan bashin ba.

Me sinadarin yake yi a cikin kwaɓi?

Idan ka gane wannan, sauran matakan za su zo maka da sauƙi. Da zarar ruwa ya taɓa siminti, ƙwayoyinsa sai su janyo juna su dunƙule, kowane dunƙule ya kulle ruwa a cikinsa. Ruwan yana nan a cikin kwaɓin amma ba ya taimaka wa gudu, shi ya sa kake ganin kwaɓi ya yi tauri alhali an zuba masa ruwan da ya isa. Sinadarin rage ruwa, wanda masu sana'a ke kira filastisaiza, yana manne wa jikin kowace ƙwaya ya sa su ture juna. Dunƙulen ya watse, ruwan da aka kulle ya fito, kwaɓi ya saki jiki.

Iri uku ne suka fi yawa. Mafi tsufa shi ne lignosalfonet, wanda ake samu daga ragowar aikin sarrafa itace a masana'antar takarda, ana amfani da shi tun shekarun 1930. Yana rage ruwa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, kuma yakan ɗan jinkirta kamawa. A shekarun 1960 aka fito da masu ƙarfi: na naftalin a Japan, na melamin a Jamus. Waɗannan suna rage ruwa daga kashi 12 har sama da 20, sai dai laushinsu ba ya daɗewa, cikin minti 30 zuwa 60 kwaɓi ya fara komawa yadda yake. Sannan a farkon shekarun 1980, a Japan ɗin dai, aka samar da folikabokzilet, wanda ake taƙaitawa PCE. Siffarsa kamar matsefi take: ƙashin bayan ya kama ƙwayar siminti, haƙoran su miƙe cikin ruwa su hana wata ƙwayar matsowa. Yana iya rage ruwa har kashi 40, kuma shi ne ginshiƙin kankare mai cika kansa da kansa ba sai an girgiza ba, wanda Hajime Okamura da abokan aikinsa suka fara gwadawa a Jami'ar Tokyo a 1988.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema

Sinadari ɗaya ne, amma hanya uku ake cin moriyarsa, kuma dole ka zaɓi ɗaya kafin ka buɗe jarka. Kana iya barin ruwa yadda yake ka zuba sinadari, kwaɓi ya yi gudu, ƙarfi ya tsaya inda yake; wannan shi ne maganin ginshiƙi mai cunkoson rodi ko kankaren da za a tura ta famfo. Kana iya rage ruwa, laushi ya tsaya yadda yake, ƙarfi da ƙarko su hau. Ko kuma ka rage ruwa da siminti tare, ƙarfi ya tsaya, zafin da kankare ke fitarwa da tsukewarsa su ragu.

Ta ukun nan ban yarda wani ya yi ta da ka ba. Rage siminti aikin injiniyan da ya tsara kwaɓin ne, kuma sai da sakamakon gwaji a hannu. Wanda ya ji an ce sinadari na rage siminti, ya je ya zare buhu ɗaya daga awo don kansa, da rayukan mutanen da za su zauna ƙarƙashin rufin yake wasa.

Mataki na biyu: zaɓen iri

A jikin jarka ko takardar bayanin kayan za ka ga ƙa'idar da ya cika. Ƙa'idar Amurka, ASTM C494, ta raba su da haruffa: A mai rage ruwa ne (aƙalla kashi 5), B mai jinkirta kamawa, C mai gaggauta ta, D mai rage ruwa da jinkirtawa, E mai rage ruwa da gaggautawa, F babban mai rage ruwa (aƙalla kashi 12), G kuma babban mai rage ruwa da jinkirtawa. Ƙa'idar Turai ita ce EN 934-2. Jarkar da ba ta da ɗaya daga cikin irin waɗannan, ba ta da takardar bayani, ba ta da ranar ƙarewar aiki, bar ta inda ka gan ta.

Ga ƙaramin aiki na yau da kullum, A ya wadatar. Idan da zafin rana ko motar kankare za ta yi tafiya mai nisa, D ko G. Idan rodi ya yi cunkoso ko ana son ƙarfi mai yawa, F ko G.

Akwai wasu biyu da ke taɓa laushi ta gefe. Sinadarin kumfar iska yana cusa ƙananan kumfa da ido ba ya gani, su sa kwaɓi ya yi santsi, ya rage tsattsafo da ruwa. Asalin aikinsa kare kankare ne daga fashewa a inda ruwa ke zama ƙanƙara, inda ake neman iska kashi 4 zuwa 7. Amma kowane kashi 1 na iska yana cin kusan kashi 5 na ƙarfi, don haka kada ka zuba shi don laushi kaɗai. Na biyun shi ne mai ƙara danƙo, wanda ke riƙe tsakuwa kada ta nutse idan kwaɓi ya yi gudu sosai. Sai gargaɗi ɗaya game da masu gaggautawa: wanda aka yi da kalsiyam kulorayid yana jawo wa rodi tsatsa. Idan da ƙarfe a cikin kankaren, nemi wanda aka rubuta ba shi da kulorayid.

Mataki na uku: dubi yashinka da simintinka

A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, sannan su ɗora wa sinadari laifi. Yashin da ke da yumɓu abokin gabar PCE ne. Wani irin yumɓu yana da shafi-shafi kamar littafi, haƙoran matsefin nan su shige tsakaninsu su maƙale, sinadari ya ƙare a jikin laka bai kai ga siminti ba. Ka zuba cikakken awo, kwaɓi ko gezau. Gwajin farko mai sauƙi ne: zuba yashi cikin kwalba mai haske zuwa rabi, cika da ruwa da ɗan gishiri, girgiza sosai, ajiye ta awa uku. Idan ka ga laka ta kwanta da kauri a saman yashin, a wanke shi ko a canza.

Sai danshi. A ce mita kubik ɗaya na kankare na cin yashi kilo 700, ruwan sama kuma ya jiƙa shi har yana ɗauke da ruwa kashi 5 a jikinsa. Lita 35 ke nan ta shiga kwaɓinka ba ka sani ba. Riƙe wannan adadin, za ka sake ganinsa a mataki na gaba. Kafin a fara aiki, auna kilo ɗaya na yashin, busar da shi, sake aunawa, ka cire bambancin daga ruwan da za a zuba.

Siminti ma hali-hali ne da shi. Na wannan masana'anta zai iya shan sinadari fiye da na waccan, saboda bambancin laushin niƙa da abin da aka haɗa shi da shi. Duk ranar da ka canza siminti, awonka na jiya ya zama tarihi, sai an sake gwaji. Wanda ya sha danshi har ya yi gudaji kuwa, babu sinadarin da zai dawo da shi.

Mataki na huɗu: lissafin awo

Ana auna sinadari da nauyin siminti, ba da yawan ruwa ko girman inji ba. Idan an haɗa simintin da tokar kwal ko garin kashin ƙarfe (ragowar da ke fita wajen narka ƙarfe), yawanci jimillarsu ake lissafawa. Takardar kayan za ta faɗa.

Ga misali. Kwaɓi na da siminti kilo 350 da ruwa lita 175 a kowane mita kubik, wato ruwa rabin nauyin siminti, 0.50. Takarda ta ce a zuba tsakanin kashi 0.5 da 1.5, kai kuma ka fara da 0.8. Kashi 0.8 na 350 shi ne kilo 2.8. Sinadarin ya fi ruwa nauyi. Idan litarsa ɗaya kilo 1.1 ce, sai ka raba, ka samu kusan lita 2.5. A buhu ɗaya mai kilo 50, giram 400 ke nan, kusan mililita 360. Idan wannan awon ya ba ka damar rage ruwa kashi 20, ruwanka ya sauko daga lita 175 zuwa 140, ma'auni ya koma 0.40. Lita 35 ka rage, daidai abin da jiƙaƙƙen yashin nan zai mayar maka a ɓoye idan ba ka auna shi ba.

Kwatanta da mai tiyo: lita 20 kacal ya ƙara a kan 175, ma'auni ya tashi zuwa kusan 0.56, kuma babu wanda ya rubuta.

Ƙa'idar kankare ta Turai, EN 206, tana da iyakoki uku da suka cancanci a haddace. Jimillar sinadarai kada ta wuce giram 50 a kowane kilo na siminti sai an tabbatar ta hanyar gwaji cewa ƙarin ba shi da illa. Idan awon bai kai giram 2 a kilo ba, sai an narkar da shi cikin wani ɓangare na ruwan kwaɓi. Idan kuma sinadari mai ruwa ya haura lita 3 a mita kubik, ruwan da ke cikinsa ma a lissafa shi cikin ruwan kwaɓin.

A tanadi kofi mai zanen awo ko sikeli, a kuma damƙa aikin a hannun mutum ɗaya. Gwangwani da "ɗan ƙara kaɗan" sun isa su ɓata zubin yini guda.

Mataki na biyar: kwaɓin gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin nan ana yin sa ne makonni kafin zubi, da yashin da tsakuwar da simintin da ruwan da za a yi aikin da su, kuma a irin lokacin da za a yi zubin, domin kwaɓin safiya da na tsakar rana ba halinsu ɗaya ba.

Kayan aikinka mazurarin gwajin silam ne, wanda ke nuna yadda kwaɓi ke zaunawa idan an sake shi. Tsayinsa milimita 300, faɗin gindi 200, faɗin baki 100. Jiƙa cikinsa, kafa shi a kan faranti mai lebur, taka kunnuwansa. Cika shi hawa uku, kowane hawa ka soke shi sau 25 da sandar ƙarfe mai kaurin milimita 16. Share bakin, ɗaga mazurarin sama a miƙe a hankali, kifa shi a gefe, ka auna nawa kwaɓin ya sauka. Saukar milimita 50 zuwa 90 kwaɓi ne mai ɗan tauri, 100 zuwa 150 shi ne na yawancin zubi mai rodi, 160 zuwa 210 mai gudu ne. Wanda ya wuce haka, faɗin shimfiɗuwarsa ake aunawa.

Yi kwaɓi ɗaya babu sinadari don ya zama ma'auni. Sannan ka yi uku: ƙaramin awo, matsakaici, da babba. Kowanne ka auna silam ɗinsa da an gama kwaɓawa, ka sake bayan minti 30, ka sake bayan 60. Na farkon yana burge mutane, amma na bayan awa guda shi ne zai gaya maka gaskiya, don shi ne kankaren da zai shiga katako na ƙarshe.

Kada ka tsaya kan lamba kaɗai, ka duba da ido. Kwaɓi mai kyau yana zaunawa gaba ɗaya, tsakuwa na tafiya tare da ruwan siminti har gefe. Idan ka ga tsakuwa ta taru a tsakiya, ruwan siminti ya zagaye ta kamar zobe, ya rabu: ko sinadari ya yi yawa, ko ruwa, ko yashi mai laushi ya yi kaɗan. Kowane siminti yana da iyakar da yake ƙoshi; bayan nan duk abin da ka ƙara ba ya ƙara laushi, sai rabuwa da jinkirin kamawa. Ni a ganina gara a tsaya ƙasa da wannan iyakar da ɗan rata, saboda a wurin aiki awo ba ya zama cif kamar na ɗakin gwaji.

Daga kowane kwaɓi a cika akwatunan gwaji masu milimita 150, a kai ɗakin gwaji a matse su a kwana 7 da kwana 28. A rubuta kuma awa nawa kowanne ya ɗauka kafin ya kama.

Mataki na shida: yadda ake zuba shi a inji

Fara da tsakuwa da yashi da kusan kashi biyu cikin uku na ruwa, sai siminti, a bari su juya har komai ya jiƙe. Sannan a zuba sinadarin tare da sauran ruwan. Wannan ɗan jinkirin yana da dalili: a daƙiƙun farko akwai wani ɓangare na siminti mai saurin haɗuwa da ruwa, wanda ke haɗiye sinadari ya binne shi. Idan ka bari wannan zafin ya wuce, awo ɗaya zai yi maka aikin da ya fi. Kada a taɓa tsiyaya shi a kan busasshen siminti ko busasshiyar tsakuwa, shanyewa za su yi.

Idan sinadarai biyu ne, kowanne ya shiga daban, kada a gauraya su a bokiti ɗaya. PCE da naftalin musamman ba sa jituwa. Ko ragowar ɗaya a cikin tanki ko tiyo ya isa ya sa kwaɓi ya ƙage. A wanke kayan awo kafin a canza iri.

Sannan a yi haƙuri. PCE yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya nuna kansa, kuma a wannan ɗan tsakanin ne mai inji ke ganin kamar kwaɓi ya bushe ya kai hannu ga ruwa. Minti biyu bayan nan sinadari ya farka, kwaɓi ya tsinke. Ka gaya masa tun da wuri ya ɗaure hannunsa. A motar kankare, bayan zuba sinadari ana juya ganga minti ɗaya ga kowane mita kubik, kuma kada ya gaza minti 5.

Mai awo ya sa safar hannu da tabarau. Jiƙaƙƙen siminti kansa yana ƙona fata. Jarkokin kuma a ajiye su a inuwa, a girgiza kafin amfani.

Mataki na bakwai: wurin zubi

Kankare mai gudu yana tura katako kusan kamar ruwa, kuma ruwa ne mai nauyin kilo 2,400 a mita kubik. Kafinta ya ƙara tokara a gindin ginshiƙai, ya toshe duk wata kafa, in ba haka ba ruwan siminti zai tsiyaye ya bar tsakuwa tsirara. Girgizawa tana nan, sai dai a taƙaita ta: a soka injin girgiza a miƙe, da kumfa ta daina fitowa a zare a hankali. Wanda ya daɗe a wuri ɗaya zai nutsar da tsakuwa ƙasa ya tara ruwan siminti a sama.

Idan mota ta makara kwaɓi ya fara tauri, ana iya ƙara ɗan awo na sinadarin nan dai, muddin injiniya ya amince, jimillar ba ta wuce iyakar takarda ba, kuma kankaren bai fara kamawa ba. Wanda ya fara kamawa ya tafi ke nan, a mayar da shi.

Abin da ke yawan ba sababbin shiga mamaki shi ne tsagewar fuska. Kwaɓin da aka rage wa ruwa ba ya tsattsafo da ruwa sama sosai, don haka iska da rana suna busar da fuskarsa tun yana ɗanye, tsaga ta bayyana cikin 'yan awoyi. Da an gama shafe shi a rufe da leda, da ya kama kuma a fara ban ruwa, a ci gaba aƙalla kwana 7. Kada mai shafe ya yayyafa ruwa a fuskar don cokalinsa ya yi sulɓi. Fuskar ce za ta riƙa fitar da gari daga baya.

Idan gari ya waye bai kama ba

Wannan yakan faru idan an zarce awo, musamman na lignosalfonet ko mai jinkirtawa, ko an zuba sau biyu bisa kuskure. Sukari ma yana yin haka: kashi 0.05 na nauyin siminti ya isa ya jinkirta kamawa da awoyi, shi ya sa ba a ɗiban yashi ko siminti a buhun da ya taɓa ɗaukar sukari.

Kada a cire katako, kada a taka, kada a ɗora kaya. A rufe shi kada ya bushe, domin kankaren da ya makara yana iya kamawa bayan kwana ɗaya ko biyu ya kuma kai ƙarfinsa, muddin ruwansa bai gudu ba. A sanar da injiniya a ranar, a ba shi takardar awon da aka zuba da lokacin kowane kwaɓi. Akwatunan gwajin da aka cika ranar zubi su zai fara dubawa, idan kuma suka bar shakka, sai a huda jikin ginin a ciro samfur a matse, daga nan ya yanke ko a bar shi ko a fasa a sake.